Hawa Bernina a jirgin ƙasa, saukowa a keke: yadda ake tsara tafiyar da inda ake samun matsala

Tambaya: Ni da ƙanena za mu je hutu Suwizalan a lokacin zafin Turai. An ba mu labarin cewa akwai inda ake hawa dutse a jirgin ƙasa, sannan a gangaro a kan keke ba tare da an murza feda ba. Mun iya keke, amma a shimfiɗaɗɗiyar hanya kawai muka saba tuƙawa. Wane layi ya fi dacewa, yaya ake tsara abin, kuma akwai haɗari?

Amsa: Layin da ya fi dacewa da abin da kuke so shi ne layin Bernina, wanda ya haɗa garin St. Moritz na Suwizalan da Tirano na Italiya. Haɗari kuwa akwai, amma ba inda yawancin mutane suke zato ba. Wanda bai taɓa yi ba yana ɗauka hawa ne aiki, gangara hutu ce. A gangare mai tsawon kilomita talatin da 'yan kai, aikin bai ɓace ba, daga ƙafa ya koma yatsu da birki. Zan fi daɗewa a kan wannan, amma bari mu fara da jirgin, don tun daga nan ake yin kuskuren farko.

Layin Bernina tsawonsa kusan kilomita 61 ne, an kammala shi a 1910, kuma kamfanin jirgin ƙasa na Rhätische Bahn ne ke tafiyar da shi. A 2008 hukumar UNESCO ta sa shi, tare da layin Albula, cikin wuraren tarihi na duniya. St. Moritz yana bisa mita 1,775 daga saman teku, tashar da ta fi kowace tsawo, Ospizio Bernina, tana mita 2,253, Tirano kuma can ƙasa a mita 429. Abin mamakin layin shi ne jirgin yana hawan tudun da ya kai kashi 7 cikin ɗari, wato mita bakwai sama a kowace mita ɗari gaba, ba tare da ƙarfe mai haƙora a tsakiyar layi ba kamar yadda ake yi wa wasu jiragen dutse. Ƙafar ƙarfe ce kawai a kan dogo, nauyin jirgin ke riƙe ta. Shi ya sa layin yake ta lanƙwasa yana komawa da baya: ba zai iya miƙewa sama kai tsaye ba, sai ya tsawaita hanya.

Yawancin baƙi daga St. Moritz suke tashi, su sauka a Ospizio, su gangara kudu a keke. Ni ba zan ba ku wannan shawarar ba. In kun yi haka kun bar mafi kyawun ɓangaren layin ba ku gani ba, saboda daga ƙololuwar zuwa garin Poschiavo layin dogo da titin mota ba kwari ɗaya suke bi ba. Jirgin yana bi ta Alp Grüm da Cavaglia, titin kuma yana bi ta gabas, ta La Rösa da Sfazù. Ku kwana a Tirano ko Poschiavo, ku hau jirgin daga ƙasa zuwa sama, ku sauko ta titi. Ta haka kun ga kwari biyu, kuma keken zai dire ku a ƙofar masaukinku, ba ku da fargabar jirgin komawa ya wuce ku. Daga Milan zuwa Tirano wajen awa biyu da rabi ne a jirgin Italiya, kuma tashoshin biyu, ta Italiya da ta Suwizalan, suna kusa da juna a fili ɗaya.

Daga Tirano zuwa Ospizio kusan awa ɗaya da rabi ne, kilomita 38, hawan mita 1,824. Jim kaɗan bayan an ƙetare iyaka za ku iso gadar Brusio, gada mai bakuna tara da aka gina a zagaye kamar gammo, jirgin ya bi ta ƙarƙashinta, ya kewayo, ya hau samanta. In kana taragon baya za ka ga kan jirgin yana wucewa a gabanka kamar wani jirgin ne daban. Bayan Poschiavo hawan gaske yake farawa cikin dajin itatuwa, garin yana ɓacewa yana sake bayyana, kowane karo ya ƙara ƙanƙancewa. A Alp Grüm, mita 2,091, ƙanƙarar dutsen Palü tana fuskantar tasha, tafkinta mai ruwan kore a ƙasa. Motar haya ba ta zuwa wurin, sai jirgi ko ƙafa. Daga nan sai bakin Lago Bianco, tafkin da ruwansa ya yi fari-fari kamar an dama masa madara, saboda garin dutse da ƙanƙara ke niƙawa tana zubowa ciki. A arewacin tafkin ne ruwa yake rabuwa: wanda ya gangara kudu ya bi kogin Adda da Po zuwa tekun Adriatic, wanda ya gangara arewa ya bi Inn da Danube zuwa Baƙin Teku. In kuna hawa daga kudu, ku nemi kujerar hagu, ko da yake a wurin lanƙwasar kowane gefe yana samun rabonsa.

Kada ku sayi tikitin Bernina Express, jirgin nan mai manyan tagogin gilashi da ake tallatawa. Sai an kama kujera tun da wuri, kuma ba a tsara shi don ɗaukar keke ba. Jirgin yau da kullum da ke bin layin, wanda ke tsayawa a tashoshi, shi ne naku. Hanya ɗaya ce, abin kallo ɗaya ne. Keke yana da nasa tikitin dabam da na mutum, kai za ka ɗora shi da kanka a taragon da aka zana hoton keke a ƙofarsa, sau da yawa a rataye shi ta ƙafar gaba a ƙugiya. Wurin ba shi da yawa, a Yuli da Agusta yana cika, don haka ku kama jirgin safe. Akwai dalili na biyu na fita da safe: a tsaunukan Alps hadari da tsawa sun fi taruwa bayan azahar. Ku yi nufin barin ƙololuwar kafin sha biyun rana. Lokacin da ya dace shi ne daga tsakiyar Yuni zuwa Satumba.

Abu ƙarami da ke ba mutane haushi: tashar Ospizio ba a kan titi take ba. Titin yana ƙetare dutsen a mita 2,328, wato sai kun hau kimanin mita 75 kafin gangarar ta fara. A wannan tsayin iska ta ragu zuwa kusan kashi uku cikin huɗu na ta bakin teku, za ku ji numfashi yana sarƙewa. Ku tura keken da hannu in ya kama, ba abin kunya ba ne. Ciwon tsauni na gaske ya fi kama mutum daga mita 2,500 zuwa sama, kuma ku ba daɗewa za ku yi ba, sai dai mai ciwon zuciya ko na huhu ya tambayi likitansa kafin tafiya.

Sai birki. Daga ƙololuwa zuwa Tirano za ku sauko mita 1,900 a cikin kilomita 33 zuwa 34. Kilomita 18 na farko, zuwa Poschiavo, su ne masu zafi: matsakaicin gangarensu ya ɗan haura kashi 7 cikin ɗari, wasu wuraren sun kusa kashi 10. Mutum da kekensa masu nauyin kilo 90 in suka sauko wannan tsayin, ƙarfin da dole a kashe ya kai wanda zai tafasa ruwa lita biyar. Wani ɓangare iska ce ke cinyewa, sauran duk zafi ne da ke shiga birki. Robar birki kuwa ba ta fi ɗan yatsa ba. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga wannan lissafin ya fito.

Kuskuren mai tsoro shi ne ya danne birki rabi-rabi tun daga sama har ƙasa, keken yana tafiya a hankali, shi yana ganin ya yi taka-tsantsan. Wannan shi ne abin da ya fi dafa birki, don bai taɓa ba shi sararin hucewa ba. Abin da ake yi shi ne a saki keken ya ɗauki gudu zuwa inda hankalinka yake kwance, a ce kilomita 40 a awa, sannan ka matse birki biyun da ƙarfi na daƙiƙa uku ko huɗu har gudun ya sauko zuwa 20 ko 25, sai ka saki gaba ɗaya. A tsakanin matsa da matsa iska tana fifita birkin. Ka miƙe zaune, ƙirji a buɗe, gwiwar hannu a ɗan ware, jikinka ya zama abin tare iska, wannan birki ne na kyauta wanda ba ya zafi. Kuma duk minti goma ku sami wuri mai faɗi a gefen titi ku tsaya minti biyu ko uku. Ba don birki kaɗai ba, yatsu ma suna gajiya, kuma yatsan da ya sage ba ya matsa komai.

Yadda birki yake mutuwa ya danganta da irinsa, kuma yana da kyau ku san alamar kowanne. Birki mai kama gefen wili da roba yana zuba zafinsa ne a cikin ƙarfen wilin, ƙarfen ya dafa iskar da ke cikin taya, iskar ta kumbura, a ƙarshe tiyub ya fashe ko tayar ta zame daga mazauninta. In ta gaba ce, ba a cika tsira daga faɗuwa ba. Da irin wannan keken kada a cika taya har iyakar lambar da aka rubuta a gefenta, a bar mata rata. In kun tsaya, ku ɗan taɓa wilin da bayan yatsa. In ba za ka iya barin yatsan a kai ba, jira.

Birki mai faifai, wanda shi za ku nema a wurin haya, ba ya fasa taya, amma yana da nasa cutar iri biyu. Ta farko: ka matsa, hannun birkin yana da tauri kamar kullum, amma keken ba ya tsayawa, kuma kana jin ƙaurin ƙuna. Takalmin birkin ne ya yi zafi fiye da ƙima, ya daina kama faifan. Ta biyu ta fi muni: hannun birkin ya yi laushi, ya tafi har ya taɓa kan keken. Man birkin ne ya tafasa, ko akwai iska a cikin bututun, kuma tururi matsuwa yake yi maimakon ya tura. In haka ta faru, ka yi ta matsawa da saki da sauri, sau da yawa yana ɗan dawowa, ka tsaya da ɗayan birkin, kada ka sake hawa sai ya huce kuma taurin ya dawo sosai. In bai dawo ba, tafiyar keke ta ƙare a ranar. Kada a taɓa faifan da hannu, yana ƙona fata nan take, kada kuma a zuba masa ruwan gora, yana iya karkacewa.

Birkin gaba shi ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa, saboda in an taka birki nauyi gaba yake komawa, tayar baya ta yi sakayau ta fara zamewa. Mutane da yawa an tsorata su da shi tun suna yara, sai su dogara da na baya kaɗai, su ƙona shi a kilomita biyar na farko. A yi amfani da duka biyun, a matsa a hankali sannan a ƙara ƙarfi, ba a fizga ba, a ja ɗuwawu baya a kan sirdi, hannuwa a tokare. Ku kuma tabbatar wane hannu ne na gaba kafin ku motsa. A Suwizalan yawanci hagu ne gaba, a Ingila dama ce. A kwana ta farko ba wurin gano wannan ba ne.

Tun a shagon haya za ku duba keken, ba a saman dutse ba. Ku leƙa takalmin birki: in naman da ya rage bai kai milimita ɗaya ba, a canja. In sabo ne fil, shi ma bai gama zama ba, sai an yi ta ɗaukar gudu kaɗan ana tsayawa kamar sau goma sha biyar zuwa ashirin a fili kafin ya kama da kyau. Faifai mai faɗin milimita 160 shi ne mafi ƙanƙanta da zan yarda da shi, mai jiki ya nemi 180. Ku ɗaga ƙafar gaba ku buga mata tafin hannu daga sama, ku ga ko ta ɗauru. Ku riƙe birkin gaba ku jijjiga keken gaba da baya, in kun ji ƙwas-ƙwas a wuyansa, a ɗaure. Sirdi a sauke shi kamar santimita biyu ƙasa da yadda kuka saba. Ku karɓi tiyub na ajiya, famfo, da fitilar gaba da baya saboda hazo. Keke mai batir ba shi da amfani a nan, nauyi ne kawai na kusan kilo 25 da za ku ɗaga zuwa ƙugiya, birki kuma ya ɗauka. In shi kuka samu, dokar Suwizalan tun 2022 ta ce fitilarsa ta kasance a kunne ko da rana. Hular kwano ba dole ba ce a doka ga keken feda, amma kada ku sauko ba ita.

Kwana tana da ƙa'ida ɗaya da ba a karyawa: a gama rage gudu kafin a shiga, ba a cikinta ba. Taya ba za ta iya riƙe juyawa da birki mai ƙarfi a lokaci guda ba. Fedar da ke wajen kwanar ta kasance ƙasa, ka taka ta da nauyinka, ta ciki a sama don kada ta kartar ƙasa. Ido ya tafi inda kake son fita, ba kan shingen ƙarfe ko ramin da ke gefe ba, keke inda aka kalla yake bi. Dama ake bi, kuma kada ka yanke kwana ka shiga hannun masu tahowa, babura da bas-bas suna hawowa kuma ba ka ganinsu sai sun iso. A gudun kilomita 50 a awa kana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, kuma in gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ninki huɗu yake yi. Don haka tsakaninka da ƙanenka a bar aƙalla daƙiƙa huɗu. Wanda ya fi rauni a tuƙi ya shiga gaba, don kada ya yi ta kora yana neman cim ma ɗan'uwansa. In kan keken ya fara rawa da kansa a babban gudu, ka matse ƙarfen tsakiya da gwiwoyinka, ka sassauta riƙo, ka rage gudu sannu a hankali. Ƙanƙame kan keken ƙara rawar yake yi. 'Yan kilomita ƙasa da ƙololuwa akwai mahaɗar hanyar garin Livigno na Italiya, motoci suna shigowa daga hagu, a kula.

Sanyi shi ne abin da ake rainawa. Zafi yana raguwa kusan digiri 6 da rabi a kowace mita dubu, wato tsakanin Tirano da ƙololuwa akwai bambancin digiri 12. In safiya ta yi digiri 20 a ƙasa, sama tana wajen 8, kuma a gudun kilomita 40 jiki zai ji kamar 3, ga shi ba ka murza feda balle jini ya ɗumama. Rigar da iska ba ta ratsawa, wata mai ɗumi a ciki, safar hannu mai rufe yatsu duka, da tabarau don kada hawaye ya rufe ido. Ku sa su tun kafin ku fara saukowa. A Poschiavo za ku tuɓe rabinsu. In ruwa ya sauko ko hazo ya rufe ƙololuwar, ku koma tasha ku sauko a jirgin da ya kawo ku.

Akwai wata hanyar ta daji da ke bin gefen Lago Bianco zuwa Alp Grüm da Cavaglia, masu keken dutse suna sonta ƙwarai. Duwatsu ne da saiwoyi da masu tafiya a ƙafa. Ba taku ba ce a wannan karon.

Maganar takardu gajeriya ce. Ƙasashen biyu suna cikin yankin Schengen, biza ɗaya ta isa, amma akwai shingen kwastan a Campocologno, fasfo ya kasance a aljihu ba a masauki ba. Ku gaya wa mai hayar cewa keken zai ƙetare iyaka. Kuɗin Suwizalan faran ne, na Italiya yuro. Inshorar da ake nema don bizar Schengen tana rufe aƙalla yuro 30,000 na jinya, amma ku karanta ku ga ko ta haɗa da haɗarin keke da ɗauko mutum daga dutse. Lambar gaggawa 112 tana aiki a ƙasashen biyu, a Suwizalan kuma 144 ce ta motar asibiti, 1414 ta jirgin ceto mai saukar ungulu.

Poschiavo, a mita 1,014, wurin yanke shawara ne. In yatsu sun gaji ko birki ya ba ku tsoro, ku tsaya nan, kun riga kun yi ɓangaren da ya fi kyau, jirgi zai kai ku Tirano. In za ku ci gaba, ku sani daga nan zuwa ƙarshen tafkin Poschiavo hanyar kusan a shimfiɗe take, za ku murza feda na 'yan kilomitoci, sau da yawa iska tana busowa daga ƙasan kwarin tana tare ku. Bayan ƙauyen Miralago, a ƙarshen tafkin, gangara ta biyu take farawa, ta Brusio, inda za ku ga gadar nan daga ƙasa, motoci kuma sun fi yawa.

A wannan ɓangaren na Poschiavo zuwa Tirano ne tarkon da ya fi kayar da masu keke yake, a daidai lokacin da suka saki jiki. A wasu wurare, kamar ƙauyen Le Prese da cikin Tirano kusa da babban cocin Madonna di Tirano, jirgin a kan titi yake tafiya, dogonsa a binne cikin kwalta da tsagi a gefensa. Tsagin ya isa ya haɗiye tayar keke. In ka bi dogon a kwance ko ka ƙetare shi a karkace, tayar gaba ta faɗa ciki, kan keken ya ƙi juyawa, sai ƙasa. Rage gudu tun daga nesa, waiga ka ga babu mota a bayanka, buɗe kaɗan don ka fuskanci dogon sosai, ka ƙetare shi a miƙe kamar alamar tarawa, ba birki, ba juya kai a kansa. In ƙarfen a jiƙe yake, sauka ka tura. Jirgin na lantarki ne, ba shi da ƙara sosai, kuma ba zai iya kauce maka ba, in fitilar gefen titi ta yi ja ka tsaya inda kake har ya wuce.